Zanin Inna da Rigunan Jinya

Ranar da likita ya tsayar mini da ranar aiki, biro ya ɗauka ya zana ciki a bayan katina, ya ja layi a kwance can ƙasan cibiya, ya ce, "Malama, nan za mu buɗe." Ƙari ne a mahaifa, wanda 'yan asibiti ke kira faibroid. Shekara uku ina fama da shi: jini mai yawa duk wata, jiri in na daɗe a gaban allo, ciki kuma ya turo har wasu ɗalibaina suka fara yi mini barka a ɓoye. Ya ce zan yi kwana uku ko huɗu a wurinsu, bayan haka mako shida ba ɗaukar abu mai nauyi, ba wanki, ba jan ruwa. Na zaɓi hutun zango na biyu don kada yara su yi asarar darasi da yawa. Abin da ban lissafa ba shi ne hutun nan a Afrilu yake faɗawa, lokacin da ko fanka a Kaduna iskar zafi take hura wa mutum.

Mako ukun da suka rage, hankalina yana kan neman masu ba da jini, da kuɗin aiki, da wanda zai riƙa kai yara Islamiyya. Maganar tufafi ko a mafarki ba ta zo mini ba. Wata abokiyar aikina ce, wadda ta girme ni kuma duk 'ya'yanta uku da tiyata aka ciro su, ta tare ni a ɗakin malamai ta ce, "Kin kai ɗinkin jinya kuwa?"

Na yi dariya. "Anti, ni da za ni kwanciya, wa zai gan ni?"

"Wa zai gan ki?" ta ce. "Duk Kaduna."

Da gaskiyarta. A wurinmu marar lafiya ba ya zama shi kaɗai. Dangin miji za su zo, dangin uwa za su zo, maƙwabta, 'yan ajinmu na Islamiyyar matan aure, abokan maigida, har waɗanda rabonki da su tun ranar kai ki ɗaki. Wani daga Rigasa, wani daga Kawo, wani takanas daga Zariya. Lada suke nema, kuma ba a mayar da ɗan dubiya daga bakin ƙofa. Duk wanda ya shigo kuwa, kafin bakinsa ya ce "ya jiki?" idonsa ya riga ya ba shi amsa.

Da na koma gida na buɗe durowa, sai na tsaya ina kallon kayan shekara goma sha biyar kamar na wata. Riga da siket ne kusan duka, zif a baya, ƙugu a matse, shafi mai kauri. Siket duk nauyinsa a kan mara yake sauka, daidai wurin da likita ya ja layinsa. Zani kuma ba ya zama sai an ja ciki an tamke. Washegari na gaya wa Anti, ta ce, "Abu ɗaya za ki riƙe. Duk abin da za ki sa, kafaɗa ta ɗauke shi, kada ƙugu ya ɗauka."

Ran Asabar na shiga Kasuwar Sheikh Gumi, wadda har yanzu tsofaffi Santaral suke ce mata. A nan ne gadon mahaifina ya yi mini rana. Baba ya yi aiki a ɗaya daga masaƙun Kakuri tun zamanin da masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, da ta UNTL da ta Arewa suke aiki dare da rana, kafin su durƙushe ɗaya bayan ɗaya bayan shekarar 2000. Shi in ya murza yadi tsakanin yatsu biyu zai gaya maka abin da ke cikinsa. Mu da ba mu da wannan hannun, sai ya koya mana gwajin ashana: ka zare zare ɗaya daga gefen yadin ka ƙona. In auduga ce zalla, za ta ci da wuta ta bar toka mai laushi, da wari irin na ƙonanniyar takarda. In da roba a ciki, narkewa zai yi ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙulli mai tauri. Yau yawancin abin da ke jibge a rumfuna daga waje ake shigo da shi, kuma da yawansa ido ne kawai zai ce maka atamfa ce.

Mai rumfar farko ya rantse mini cewa auduga ce zalla. Na roƙe shi zare ɗaya, na ciro ashana daga jaka. Zaren ya narke ya dunƙule a gabansa. Bai ji haushi ba, dariya ya yi ya ce, "Hajiya, ke 'yar masaƙa ce ke nan," ya shiga ciki ya ɗauko wasu. Na sayi turmi uku, yadi shida-shida, sai boyel mai laushi na shimi biyu. Launi ma sai da na yi tunani a kansa. Fari da mai haske ba sa ɓoye tabon jini ko na maganin wanke ciwo, kuma matar da ta yi asarar jini fuskarta ɗashewa take yi, in ta ƙara da riga mai ɗashi sai ta koma abin tausayi. Na ɗauki ruwan goro, da shuɗi mai ƙananan zane, da kore mai duhu.

Telana a Kasuwar Barci yake, cikin Tudun Wada, layin da ƙarar kekuna ba ta barin ka ji maganar na kusa da kai. Shekara takwas yana yi mini ɗinki, ya san awona da ka. Da na ce bubu nake so guda uku, ba shafi, ba zif, ba dutse, sai ya ajiye almakashi ya dube ni.

"Malama, lafiya? Ko an samu ƙaruwa ne?"

"Aiki za a yi mini, Malam."

Nan take fuskarsa ta sauya. Ya yi mini addu'a, ya jawo littafinsa. Na ce gaban rigar a tsaga shi da maɓallai har zuwa cibiya, don kada sai na ɗaga hannu sama kafin in sa. Hannu ya yi faɗi sosai, yadda ledar ƙarin ruwa za ta bi ta ciki, kuma in za a auna hawan jini naɗewa kawai za a yi. Tsawo ya tsaya a saman idon sawu. Nan ya yi gardama, ya ce bubun da ba ta share ƙasa ba, ba bubu ba ce, rigar barci ce. Na ce wadda ba ta iya sunkuyawa ta tattare riga, in ta taka bakinta faɗuwa za ta yi. Ya yarda, amma shi ma ya kawo tasa: ya ce tunda jikin rigar zai zama salin-alin, a bar shi ya yi ɗan aiki da zare a wuya da bakin hannu, mai laushi, wanda ba ya sukar fata. Ya kuma ƙara aljihu biyu ba tare da na ce ba. A lokacin aikin wuyan nan na ɗauke shi ɓata kuɗi. Daga baya shi ya fi komai fitar da ni kunya.

Da aka kawo ɗinkin na wanke su sau biyu don sitacin ya fita. Na je aka yi mini kitso ƙanana, mai daɗewa, ba ƙulli a ƙeya, saboda kwanciya rigingine. Na so in yi lalle, don ni in hannuna ba lalle ji nake kamar ban yi wanka ba, amma nas ɗin da ta yi mini bayanin shiri ta hana. Ta ce akwai 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa mai auna iskar jini, baƙin lalle na iya rikita ta, kuma su kansu suna duba launin tafi da na farce don su gane ko jini ya yi ƙasa. 'Yan kunne da zobe ma a gida aka ce in bari.

Ana gobe aiki Inna ta iso da ƙullin kayanta. Ta ciro wani tsohon zani ta miƙo mini. Na san shi tun ina firamare. Zanensa ya koɗe har ba a gane ko ganye ne ko tsuntsu, gefe ɗaya kuma an yi masa faci da hannu.

"Inna, wannan kuma na mene ne? Na yi ɗinki fa."

"Sa shi a jakar dai."

Na cusa shi can ƙasa, ina addu'a kada 'yan ɗakin su gani.

Ranar aiki ba ka da zaɓi, rigar asibiti ce mai buɗaɗɗen baya da hular leda. Na farka da yamma da allurar ƙarin ruwa a bayan hannun hagu, da robar fitsari, da bandeji a mara, ciki kuma ya kumbura ya yi tauri kamar ganga. Washegari da safe Sista ta zo ta ce a tashi a taka. Na dube ta kamar ta zage ni. Ta ce, "Madam, tafiyar nan ita ce ke tayar da hanji, ita ce kuma ke hana jini daskarewa a ƙafa. Ko taku goma ne." Ƙanwata ta ɗauko shuɗiyar rigar tana murna za a yi buɗin sabon ɗinki. Tana taɓa fatar cikina na ce a cire. Atamfar da na wanke sau biyu, wadda a hannu take da laushi, a kan cikin nan ji na yi kamar an lulluɓa mini tabarmar kaba.

Inna ba ta ce komai ba. Ta tona jakar ta ciro zaninta, ta ɗaura mini shi ɗaurin ƙirji, sako-sako, ta yafa mini mayafi. Ban ji shi a jikina ba ko kaɗan. Robar fitsarin ta bi ta ƙasansa ba tare da ta maƙale ba, in an zo duba ciwo kuma buɗewa kawai ake yi a mayar. Da shi na yi takuna goma na farko, ina dafe da bango, a duƙe kamar tsohuwa mai neman allura. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu magana, amma ban ba Inna wannan jin daɗin na faɗa a gabanta ba.

Ƙarfe huɗu ake buɗe wa 'yan dubiya. A nan dole a sa riga, don akwai maza a ciki, har da yayan maigidana. Dabarar da muka gano ita ce a sa shimin boyel a ciki, rigar ta hau kansa. Ledar ruwan ce ke fara bi ta hannun rigar, sannan hannuna ya biyo, a ɓalla maɓallai daga gaba, ni ina zaune ban motsa ba. Kuskuren ranar farko shi ne babban hijabi. Na zumbula shi don kunyar surukai, ina ɗaga hannu in amsa gaisuwa bakinsa ya fizgo robar ruwan, allurar ta goce, hannu ya kumbura, sai da aka sake neman wata jijiya. Daga ranar mayafi marar nauyi nake yafawa, faffaɗa, wanda ya rufe ƙirji ya bar hannu a sake.

Kwana huɗu aka sallame ni. Maigidana ya riƙa tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, amma duk da haka babu ramin da ban san da shi ba tsakanin asibiti da Badarawa. Ƙaramin matashi na rungume a ciki, bel ɗin mota ya bi ta kansa. Takalmin da na tafi da shi mai maɗauri ne a dunduniya, ga ƙafa ta ɗan kumbura, ga shi ba na iya sunkuyawa. Ɗana na fari ne ya durƙusa ya ɗaura mini a gaban mutane. Kashegari aka sayo mini filat na zurawa, mai ƙasan roba wanda ba ya santsi a kan tayil.

Akwai maganar da mata ba sa yi a falo, amma ita ce ta fi ba ni wahala, don haka zan yi ta. Kamfai. Duk tanadin da na yi ban tuna da shi ba, alhali bayan irin wannan aikin ana ɗan ganin jini na wasu kwanaki, dole a sa audugar mata, dole kuma a samu abin da zai riƙe ta. Waɗanda nake da su duka robarsu daidai kan ɗinkin take zama, kamar da awo aka yi. Kwana ɗaya na jure, na kira Anti ina kusan kuka. Ta ce, "Ai laifina ne, na manta." Da yamma ta aiko 'yarta da guda shida na auduga, manya, sun fi awona da lamba biyu, masu hawowa har saman cibiya, irin waɗanda da can nake yi wa dariya in na gan su a shanya. Robar ta wuce ciwon ta zauna a inda ba ta da aikin yi. Rigar mama kuma na haƙura da ita mako biyu, shimi ya wadatar, daga baya na koma mai maɓalli a gaba marar ƙarfe.

Sai zafi. Likita ya ja kunnena cewa wurin ɗinki ya zauna a bushe, kuma wurin a naɗin fata yake, inda gumi ke taruwa. In aka ɗauke wuta da rana, kafin la'asar riga ta jiƙe sharkaf. Wata 'yar'uwa ta kawo mini kyautar doguwar riga ta material, mai sheƙi, mai santsi, kyakkyawa ƙwarai. Na sa ta rana ɗaya don ta ji daɗi. Kafin magariba gumi ya kwanta a ƙarƙashin bandejin, ƙuraje sun feso mini a baya. Yadin roba ba ya shan gumi, riƙe shi yake yi a jikin mutum. Na ninke ta na ajiye sai hunturu.

A nan na gane riga uku sun yi kaɗan. Sau biyu nake sauyawa a rana, ni kuma ba na wanki, ƙanwata ga girki ga yara. Da zan sake, biyar ko shida zan ɗinka. Jallabiyoyin maigidana ne suka cike giɓin, farare biyu da suka sha wanki har suka yi laushi. Ya shigo ya gan ni a ciki ya ce, "Malam, barka da hutawa." Na ce kada ya ba ni dariya, don dariya a lokacin azaba ce, sai na danne ciki da matashi kafin in yi ta.

Goggo ta zo a kwana na shida da niyyarta. Ta sa a dafa ruwa, ta ce za a gasa mini ciki da tawul, sannan a tamke shi da zani tam, in ba haka ba tumbi zai zauna har abada. Ba a musu da Goggo. Na ce bari in kira likita ta ji da kunnenta, na sa wayar a fili. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce ruwan zafi kada ya kusanci ɗinkin, matsewa da ƙarfi ma a'a, kumburin da kansa zai sauka cikin makonni. In ina son abin tallafa ciki lokacin tafiya, akwai bel na asibiti mai faɗi, a sa shi a kan shimi ba a kan fata ba, kuma kada ya matse har ya hana numfashi. Goggo ta ce likitocin yanzu ba su san komai ba, amma ta bar maganar, ta juya ruwan ta dama mini kunu.

Dubiyar gida ita ce ta koya mini abin da ya fi zama a raina. Kwana na biyu da dawowa, wasu maƙwabta suka shigo ba sanarwa, suka same ni a kwance cikin jallabiya, kai ba ɗankwali, leɓe a bushe. Suka zauna suka yi jugum. Ɗaya ta fara labarin wata da aka yi wa irin aikina ciwon ya ruɓe, ɗaya ta ɗora da wata da ba ta tashi ba. Suna fita na ji jikina ya ƙara mutuwa, har na kasa cin abinci. Kwana uku bayan haka malaman makarantarmu suka yi waya za su zo su goma sha biyu. Na ce wa ƙanwata yau kam sai an shirya ni. Na sa ruwan goron, aka goge mayafi, na zizara kwalli, na shafa man leɓe, na maƙala ƙananan 'yan kunne. Aka zaunar da ni a kujera mai tsayi, ba mai nutsewa ba, da matashi a cinya, mayafi ya rufe shi. Ciwon yana nan yadda yake, ko kaɗan bai ragu ba. Amma suna shigowa shugabar makaranta ta ce, "A'a, ai Malama ta warke!" Hira ta koma kan jarrabawa da wanda aka yi wa sauyin wurin aiki. Ba wanda ya ba ni labarin mutuwa.

Abin da na lura da shi a ranar shi ne marar lafiya a zaune ake ganinsa, daga ƙirji zuwa sama. Ba wanda ya san rigar ba ta da shafi, ko tsawonta bai kai ƙasa ba, ko kamfan tsofaffi ne a ciki. Aikin zaren da tela ya yi a wuya, da ɗankwali, da fuska, su ne suka yi magana. Daga nan na raba jikina biyu: sama ta 'yan dubiya ce, ƙasa ta ciwo ce, kowa a ba shi haƙƙinsa. Ɗaurin ɗankwali kansa aiki ne, don ɗaga hannu biyu a ja a tamke yana jan fatar ciki. Ƙanwata ta ɗaura guda biyu a gwiwarta, ta kama su da allura da zare, suka zama kamar hula, in an yi sallama sai in kifa kawai.

Turare ne ya kusa ja mini. Ana shirin zuwan Hajiya, mahaifiyar maigidana, aka turara falo da turaren wuta har ba a ganin bango. Atishawa uku na yi a jere, kowacce kamar an sake buɗe wurin da wuƙa. Daga ranar aka daina kasko a inda nake. Kayan ake turarawa a wani ɗaki a bar su su sha iska, ni kuma ɗan humra kaɗan a bakin mayafi.

Salla a zaune na yi ta wajen mako uku, a kan kujerar roba, tunda an yi sauƙi ga wanda ba zai iya tsayuwa ba. Hijabin sallata mai jan ƙasa sau biyu na taka shi wurin miƙewa, sai na ari na 'yata mai tsayawa a gwiwa.

Ranar komawa asibiti a duba ɗinki, bubun da nake ta yabo ta ba ni kunya. An ce in hau gado in buɗe ciki, ga maɓallai sun tsaya a cibiya, ciwo kuma yana ƙasa. Sai da na tattaro rigar gaba ɗaya har ƙirji, ina kokawa da ita a kwance, nas tana neman abin da za ta rufa mini. Zuwa na biyu buba na sa mai faɗi, da zani a ɗaure sako-sako a saman cibiya, abaya mai buɗaɗɗen gaba a kai. Minti ɗaya an gama. Da na sani, da ɗaya daga cikin ukun an tsaga ta har ƙasa.

A mako na biyar aka yi bikin 'yar yayata a Unguwar Rimi. Ankon leshi ne, an riga an raba tun kafin aikin, kuma 'yan'uwa sun tsayar da ɗinki ɗaya: riga da siket mai matse ƙugu, bayan ya ja ƙasa. Na ce ni bubu zan yi. Yaya ta ce zan ɓata hoto. Na ce, "Yaya, ko in zo da bubu ko in aiko da gudummawa, ki zaɓa." Ta yi shiru, ta ce in zo. Wannan karon shafi dole ne, don leshi suka yake yi, amma na sa tela ya yi shi da boyel maimakon na robar nan mai ƙara. Ya yanka ta daga kafaɗa ta sauko a sake, ya tara adon duka a wuya da hannu. Na ɗora gwaggwaro da sarƙar da na daɗe ban sa ba, ƙafa kuma filat ɗina na jinya, riga ta rufe shi. Na zauna kusa da ƙofa, ban shiga fili ba, liƙi a hannu na ba amarya, ƙarfe shida na gudu gida. A hoton da aka wanke, ni da wasu goggonni biyu ne masu bubu, kuma Yaya ba ta sake tayar da maganar ba.

Na koma makaranta a mako na bakwai, damina ta riga ta sauka, gari ya yi sanyi. Na yi zaton an gama, na ɗauko siket ɗina na da. Da safe ya shiga lafiya. Kafin azahar, bayan darasi huɗu a tsaye, ciki ya kumburo har na ɓalle zif ɗin a ƙarƙashin hijabi na ƙarasa aji ina riƙe da shi da gwiwar hannu. Likita ya ce haka abin yake, kumburin yamma kan ɗauki watanni kafin ya daina, haka ma mutuwar fatar da ke kewaye da tabon, wadda in na taɓa nake jin kamar ta wani ce. Na kwashi siket huɗu na kai Kasuwar Barci aka cire musu zif aka sa tazuge irin na wandon maza, aka ɗaga ƙugun sama. Da safe in ja, da rana in sassauta, ba wanda ya sani. Biyu daga rigunan jinyar kuma har yau da su nake zuwa aiki ran Juma'a.

Zanin Inna ya zauna a wurina wata huɗu. Na wanke shi na ninke na sa a ƙasan durowa, da niyyar in yi shiru har ta manta. Ran nan sai ga ɗan ƙanena a kan keke, wai Inna ta ce a ba shi zaninta. Na kira ta.

"Inna, ki bar mini shi mana. Zan saya miki Super sabuwa dal."

"Ki riƙe Super ɗinki. Matar ƙanenki watanta tara, kuma an ce yaron a gicciye yake."

Na sa shi a leda, na haɗa da shuɗiyar rigar da shimi ɗaya, na ba yaron. Har ya hau keke na kira shi ya dawo, na koma ciki na ɗauko kamfai uku da ban taɓa sawa ba, na naɗe su a jarida na cusa a tsakiyar zanin, na ce ya kai wa matar hannu da hannu, kada ya buɗe a hanya.